Ukun Zaki: Nasiha ga Matashi Mai Son Ɗaukar Hoton Galaksi

A tsakiyar watan Maris, tsakanin sha biyun dare da ƙarfe ɗaya, wasu galaksi uku sukan ratsa daidai tsakar kan mutanen Katsina da Sakkwato da Maraɗi ba tare da kowa ya sani ba. Ido ba ya kai musu. Kowannensu tarin taurari ne na biliyoyi masu yawa, mai siffar faifai, da hannuwa da suka murɗe daga cibiya zuwa baki, irin dai galaksin da Ranarmu take ciki. Lambobinsu M65 da M66 da NGC 3628. Masu kallon sama suna kiransu Ukun Zaki, saboda suna cikin burujin Zaki, wanda malaman hisabi suka sani da Asad. Hasken Rana minti takwas da 'yan daƙiƙoƙi yake yi ya iso duniya. Hasken waɗannan ukun kuwa ya yi kimanin shekara miliyan 35 a hanya.

Lissafi ne ya ɗora su bisa kan waɗannan garuruwa. Ukun suna zaune a digiri 13 arewa da tsakiyar sama, garuruwan kuma suna kan digiri 13 ko kusa da haka arewa da tsakiyar duniya, sai hanyar ta faɗo daidai. Mai kallo a Landan bai taɓa samunsu sun haura digiri 52 daga ƙasa ba, dole haskensu ya ratsa iska mai kauri kafin ya shiga madubinsa. Duk da haka a can, da Jamus da Amurka da Japan, ake ta ɗaukar hotunansu kowace shekara, a bayan gida da kan rufi, a hannun mutanen da da rana wata sana'a suke yi daban. Matashin da ya ga irin waɗannan hotuna a waya ya ji ransa ya biya yana da gaskiya. Amma kafin ya taɓa aljihunsa ya kamata ya san cewa da sa'o'i ake sayen irin wannan hoto, kayan aiki suna biyo baya ne.

Tarihin abin ma haka ya nuna. Charles Messier, Bafaranshen da ya fara rubuta M65 da M66 ranar 1 ga Maris 1780, ba su yake nema ba. Farautar taurari masu wutsiya yake yi daga birnin Faris, waɗannan 'yan dishi-dishin kuma suna ruɗa shi, sai ya riƙa jera su da lamba don kada ya sake ɓata dare a kansu. Harafin M ɗin nan na sunansa ne. Na ukun ya kuɓuce masa, sai ranar 8 ga Afrilu 1784 William Herschel ya gano shi a Ingila. Herschel makaɗi ne a asali, shi ya koya wa kansa goge madubi, ƙanwarsa Caroline kuma tana zaune da alƙalami tana rubuta abin da yake faɗa mata daga bakin na'ura. Cikinsu ba wanda ya san ko mene ne suke kallo. A 1845 Lord Rosse, da madubi mai faɗin inci 72 a ƙasar Ailan, ya lura cewa wani daga cikin dishi-dishin Messier, M51, a murɗe yake, ya zana shi da hannu. Wanda ya kawo hujjar da ba ta dogara da idon mai zane ba shi ne Isaac Roberts, ɗan kwangilar gine-gine, haifaffen Wales, wanda a ƙarshen Disamba 1888 ya bar farantin hoto a buɗe sa'a huɗu yana fuskantar galaksin Andromeda, hannuwansa suka fito. Madubinsa inci 20 ne, bai kai sulusin na Rosse ba. Sa'a huɗun ce ta cike giɓin. Sai a 1923 Edwin Hubble ya samo a cikin Andromeda irin tauraron da ake auna nisa da shi, daga nan aka tabbatar cewa waɗannan abubuwa suna can nesa, a wajen galaksinmu.

Dalilin yana cikin yadda aka halicci ido. Ƙwayar ido, ko a cikin duhu sosai, buɗewarta wajen milimita 7 ce, kuma ba ta ajiya: abin da ya shigo cikin ƙiftawa guda shi take miƙa wa ƙwaƙwalwa, ta share, ta sake. Gilashi mai faɗin milimita 80 yana tara haske ninki 130 na ido, madubi mai milimita 200 kuma ninki 800 da ɗoriya. Amma babban fifikon kyamara shi ne tana tarawa. Hasken galaksi mai nisa yayyafi ne. Wanda ya miƙa tafin hannu na daƙiƙa guda zai rantse ba a ruwa, wanda ya bar baho a tsakar gida ya kwana zai wayi gari da ruwan alwala.

Matsalar farko ita ce duniya ba ta tsayawa a ɗauke ta hoto. Sama tana juyawa digiri 15 kowace sa'a. A na'ura mai tsawon hange milimita 500, wadda take ɗaukar ukun a hoto guda har da sauran fili, tauraro yakan tsallake ɗigon kyamara wajen tara a cikin daƙiƙa ɗaya. Hoton minti biyu ke nan ya koma zane-zane. Shi ya sa tsofaffin hannu a wannan harka suka dace a kan tsarin kashe kuɗi, wanda sabon shiga yakan yi wa hawan ƙawara ya fara daga ƙarshe. Mazauni mai ɗan inji da ke bin juyin sama shi ne farko, sannan kyamara, madubi ya zo daga baya. Ƙaramin gilashi na milimita 70 ko 80 a kan mazauni nagari zai fito da ukun tsaf. Ƙaton madubi a kan mazauni mai rawa ba abin da zai haifar sai takaici. Kyawawan hotunan da ke jikin kwalin teleskop mai araha kuwa, wanda aka rubuta masa alƙawarin ƙara girma ninki ɗari biyar, ba da abin da ke cikin kwalin aka ɗauke su ba.

Mazaunin ba ya bin sama daidai sai an saita sandar juyawarsa ta fuskanci tauraron arewa, kuma a nan ne yankinmu yake biyan kuɗin gatan da ya samu. Tsayin wannan tauraro daga ƙasa daidai yake da digirin wurin da mutum yake tsaye: 12 a Kano, 13 a Sakkwato, 17 a Agadas. Wato yana can ƙasa-ƙasa, inda katangar maƙwabci da darbejiya da ƙura suke. Manhajoji na kyauta irin su NINA da PHD2 suna iya saita mazauni da taimakon wasu taurarin, ba sai an ga na arewa ba. Wannan aiki ne da ake maimaitawa a tsakar gida har hannu ya saba, a haɗa wayoyi a kwance a sake haɗawa da rana tsaka, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Tun daga 2023 an samu gajeriyar hanya. Kamfanin ZWO ya fito da Seestar S50 a kan kuɗi wajen dala 500: gilashi mai milimita 50, da kyamara da inji da batir a jiki guda, waya ce ke sarrafa shi. Yana ɗaukar hotuna na daƙiƙa 10 yana tara su da kansa, ukun kuma suna fitowa a ciki. Wasu tsofaffin hannu suna yi masa kallon raini, kuma ba su kyauta ba, domin hasken da ya tara na gaskiya ne. Aibinsa biyu. Wanda bai wuce danna maɓalli ba zai yi shekara bai san dalilin da ya sa hotonsa ya yi kyau ko ya lalace ba. Na biyu kuma ya shafi mutanen digiri 13 kai tsaye: na'urar da ke juyawa sama da ƙasa, dama da hagu, takan rikice idan abin da take bi ya zo daidai tsakar kai. Mai irinta a Katsina sai ya ɗauki ukun sa'a ɗaya ko biyu kafin su iso tsakiya, ya huta, ya ci gaba bayan sun gota. Dala 500 dai ba ƙaramin kuɗi ba ne a naira ko a sefa. Abu ne na ƙungiyar ɗalibai, ko makaranta, ko abokai biyar da suka yi adashe, kuma na'ura guda ta ishi mutum biyar tunda ba ido ake sa mata ba.

Bayan kaya sai dare, kuma ba kowane dare ba. Babban abokin gaba shi ne farin wata. Mai bin lissafin watan Musulunci ya riga ya riƙe jadawalinsa a ka: daga wajen 25 ga wata zuwa 5 ga mai kamawa. A kwanakin ƙarshe wata ba ya fitowa sai gab da asuba, a na farko kuma jinjirin yana faɗuwa da wuri.

Sai fitilun gari. Masu ɗaukar hoton gajimaren iskar gas da ke cikin galaksinmu suna da dabara, domin waɗannan suna haske ne da launi ɗaya ko biyu, sai a sa matacin da zai bar wannan launi kaɗai ya wuce, a yi aiki ko a tsakiyar birni. Mai neman galaksi ba shi da wannan mafita. Hasken galaksi hasken taurari ne, yana da kowane launi, haka ma farar fitilar sola da ke kan titi, don haka matacin da ya tare ɗaya zai tare ɗayan. Ƙa'idar mai sauƙi ce kuma ba ta da tausayi: idan hasken sararin wuri ya ninka na wani wuri goma, lokacin da ake buƙata don samun hoto iri ɗaya ma ya ninka goma. Sa'a biyu a ƙauye mai duhu tana iya yin aikin sa'a ashirin a birni. John Bortle ya wallafa ma'aunin duhun sama a mujallar Sky & Telescope a 2001, daga 1, wato duhu na asali, zuwa 9, wato tsakiyar babban birni, kuma da shi masu wannan harka suke magana a ko'ina. Taswirar hasken dare ta duniya da Fabio Falchi da abokan aikinsa suka fitar a 2016 ta nuna cewa sama da sulusin mutanen duniya ba sa iya ganin farar hanyar taurari daga inda suke zaune. Ƙasashen da al'ummarsu ta fi kowa samun tsabtatacciyar sama su ne Chadi da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Madagaska. Turawa suna biyan kuɗin jirgi zuwa gonakin Namibiya don su sami irin duhun da yaro a karkarar Damagaram yake kwana a ƙarƙashinsa kyauta.

Kada dai a ruɗi kowa, duhu kaɗai bai isa ba, domin akwai ƙura. Iskar hunturu tana kwaso ta daga kwarin Bodele a arewacin Chadi da sauran sassan Sahara, kuma lokacinta ya haɗu da rabin kakar Zaki. Daren da aka wuni rana tana fari fat, sama kamar an zuba mata toka, ba daren galaksi ba ne ko da babu gajimare ko ɗaya. Sauƙin abin shi ne kakar tana da tsawo. A ƙarshen Disamba ukun suna tsakar kai gab da asuba, a Maris da tsakar dare, a ƙarshen Afrilu jim kaɗan bayan isha'i. Cikin waɗannan watanni ba a rasa dararen da iska ta kwanta, kuma daren da ya biyo bayan ruwan farko, wanda ya wanke sama, ya fi kowanne. Ƙurar da ta sauka a kan gilashi kuma ba a goge ta da bakin riga. Yashi ne, zai kankare shafen da ke jikin gilashin. Hura ta ake yi da ɗan famfon roba.

Zafi ma yana da nasa haraji. Farantin kyamara yana haifar da ɗigo-ɗigon ƙarya daga ɗumin jikinsa, kuma yawansu yakan ninka duk lokacin da zafi ya ƙaru da wajen digiri 6. Daren Afrilu a Sakkwato da daren Afrilu a Jamus ba ɗaya ba ne ga kyamara. Kyamarorin da aka ƙera don wannan aiki suna da na'urar sanyaya kansu. Mai amfani da kyamarar ɗaukar biki kuwa, wadda ita ma tana yi, sai ya rufe bakin na'urar a ƙarshen aiki ya ɗauki hotunan duhu ashirin ko talatin, masu tsawon lokaci ɗaya da na ainihi, a daren da zafin bai canja ba, domin manhaja ta san ɗigon da na kyamara ne ta cire shi.

Akwai maganar da littattafan Turawa ba sa yi, amma dole a yi ta a nan. Fita daji da dare, a sassa da yawa na arewacin Najeriya da kudancin Nijar, ba abin wasa ba ne a wannan zamani, kuma doguwar na'ura a kan ƙafa uku da jar fitila tana ƙyaftawa na iya kama da wani abu daban a idon ɗan sintiri. Ba hoton da ya kai ran mutum. A zaɓi filin makarantar kwana, ko bayan gidan dangi a ƙauyen da aka san mutum. A gaida mai unguwa tun da rana a gaya masa abin da ya kawo baƙi, a nuna wa 'yan sintiri na'urar, in da hali a bar su su leƙa duniyar Mushtari da watanninta. A tafi a ƙungiya, da sanin iyaye.

To, an saita, an samu duhu. Ana samun ukun ne ta bin Zaki zuwa ƙugunsa: daga Denebola, tauraron wutsiya, a koma yamma zuwa Chertan, sannan a sauko kudu wajen digiri biyu da rabi. Daga nan sai aikin da ba ya shiga bidiyon talla, wato zama. Ba hoto guda ake ɗauka ba. Ana ɗaukar na minti ɗaya zuwa uku, ɗaruruwa, a zubar da waɗanda iska ta girgiza ko gajimare ya shafa, a tara sauran da manhaja kamar Siril ko DeepSkyStacker, dukansu kyauta. Yawan hotunan yana da wani amfanin: tun da aka fara harba taurarin ɗan'adam na Starlink a 2019, da wuya a kwana ba a samu wanda ya ja farin layi a hoto ba, amma da yake layin a hoto ɗaya yake cikin ɗari, manhaja takan gane shi ta yar.

Ribar zaman tana tafiya ne bisa wata doka da ya kamata kowane mai koyo ya haddace. Don tsabtar hoto ta ninka biyu, sai lokaci ya ninka huɗu. Sa'a ɗaya a wuri mai duhu za ta nuna ukun da siffofinsu. M65 sumul yake, hannuwansa a naɗe tsaf, taurarinsa yawanci tsofaffi. M66 ya fi haske, amma a karkace yake, hannu ɗaya ya miƙe fiye da ɗaya. NGC 3628 kuma ta gefe muke kallonsa, baƙin layin ƙura ya raba shi biyu, bakinsa na dama da na hagu sun buɗe. Sa'a huɗu za ta ninka tsabtar, a fara ganin ƙulle-ƙullen shuɗi a hannuwan M66. Ninki na gaba sai an kai sa'a goma sha shida. A can ne, idan sama ta yi duhu da gaske, wani abu yake fitowa daga gefen gabas na NGC 3628: wata siririyar wutsiya ta taurari mai tsawon tafiyar haske ta shekara 300,000, wadda ƙarfin jan M66 ya fizgo daga jikinsa lokacin da suka gifta juna ɗaruruwan miliyoyin shekaru da suka wuce. Karkacewar M66 ma tabon wannan haɗuwa ce. Halton Arp ya sa ukun a kundinsa na galaksi masu baƙuwar siffa a 1966, a lamba ta 317.

Ciwon sabon shiga shi ne zari. A dare guda yana so ya taɓa abu goma, minti goma-goma, ya tashi da hotuna goma da ba ɗaya mai kyau. Wanda ya ba Ukun Zaki kaka guda, dare biyar ko shida yana ƙara sa'o'i a kan na jiya, zai koyi saiti da gyaran hange da halin iskar garinsu fiye da wanda ya zaga sama duka.

Sauran rabin aikin a kan kwamfuta yake, kuma a nan ne ake gwada amanar mutum. Hoton da ya fito daga tarawa kusan baƙi ƙirin yake, sai an ja haskensa a hankali abin da ke ɓoye ya bayyana. Wannan halal ne. Haka cire hasken gari da ya kwanta a gefe ɗaya, haka daidaita launi da ma'aunin taurarin da aka riga aka auna, wanda Siril take yi da kanta. Launukan suna da ma'ana, shi ya sa ba a wasa da su: rawaya a cibiya tsofaffin taurari ne, shuɗi a hannuwa sababbi ne masu zafi, ɗigon ja-ja kuma iskar haidurojin ce inda ake haihuwar taurari. Wanda ya mayar da M65 shuɗi shar don ya fi jan ido ya yi wa galaksin ƙarya a kan shekarunsa. Mafi muni shi ne barin manhajar ƙirƙirarriyar basira ta zana abin da kyamara ba ta gani ba. A watan Maris 2023 wani mai gwaji ya dusashe hoton wata da gangan, ya sa shi a allon kwamfuta, ya ɗauka da wayar Samsung, sai ga ramuka da duwatsu sun fito waɗanda babu su a allon. Kyan gani ya samu, amma abin ya tashi daga hoto.

Ko masu gaskiya ma sukan yi saɓani idan haske ya yi rauni sosai. A 2008 masanin taurari David Martínez-Delgado da R. Jay GaBany, wanda ba sana'arsa ba ce, suka wallafa hoton galaksi NGC 5907 da aka ɗauka da madubi mai faɗin rabin mita a jihar New Mexico, yana nuna zobe biyu na taurari sun kewaye shi, ragowar wani ƙaramin galaksi da ya haɗiye. Hoton ya zaga duniya. A 2019 tawagar Pieter van Dokkum ta sake duba wurin da na'urar Dragonfly, wadda ba komai ba ce illa gilasan kyamarar Canon 48 da aka ɗaure wuri guda, irin waɗanda masu ɗaukar hoton wasanni suke saye. Sun ga rafin taurarin, har ma ya fi tsawo, amma zobe na biyu bai fito ba. Abin da ya sa ake iya yin irin wannan muhawara shi ne kowane ɓangare yana da ɗanyen hotonsa da bayanin yadda ya sarrafa shi. Matashin da ya goge ɗanyun hotunansa don ya samu wuri a kwamfuta ya zubar da shaidarsa.

Ɗanyun hotuna kuma wani lokaci sukan fi wanda aka ƙawata daraja nesa ba kusa ba. A daren 20 ga Satumba 2016, Víctor Buso, maƙerin makullai a birnin Rosario na Ajantina, ya hau rufin gidansa don gwada sabuwar kyamara a kan madubinsa mai santimita 40. Ya zaɓi NGC 613, galaksi mai murɗaɗɗun hannuwa a nisan kimanin shekarar haske miliyan 80, yana ɗaukar hotuna na daƙiƙa 20. Jerin farko ba komai. Da ya ci gaba bayan ɗan hutu, sai ga wani ɗigo a gefen galaksin, yana ƙara haske daga hoto zuwa hoto. Abin da ya kama shi ne mintunan farko na fashewar tauraro, lokacin da girgizar ta fasa fatarsa ta fito, abin da manyan cibiyoyi suka daɗe suna nema. Masana sun ƙiyasta damar faruwar haka tsakanin ɗaya cikin miliyan 10 da ɗaya cikin miliyan 100. Sa'a ce, ba shakka. Amma Buso yana duba hotunansa ɗaya bayan ɗaya, yana kwatanta su da tsofaffin hotunan galaksin, ya ajiye kowanne da lokacinsa, ya kuma sanar da wuri. Da waɗannan Melina Bersten da tawagarta suka rubuta binciken da mujallar Nature ta buga a Fabrairu 2018, da sunan Buso cikin marubuta.

Ukun Zaki ma ba baƙin wannan ba ne. An ga fashewar taurari a M66 a 1973 da 1989 da 1997 da 2009 da 2016. Ta 1989 Robert Evans ne ya gano ta, limamin coci a Ostareliya wanda ya haddace kamannin galaksi sama da dubu, ya kuma gano irin wannan fashewa 42 da idonsa a bakin madubi. A Japan, Koichi Itagaki, wanda ya yi rayuwarsa yana shugabantar kamfanin kayan ƙwalama a Yamagata, shi ya gano fashewar da ta auku a galaksin M101 ranar 19 ga Mayu 2023, kuma masana suka bi hotunan da 'yan sha'awa suka ɗauka a sa'o'in da suka gabata don gano lokacin da ta fara. Saboda haka agogon kyamara ya zama daidai, a kuma rubuta ko lokacin gida ne ko na duniya, tunda Najeriya da Nijar suna gaba da agogon Girinwic da sa'a ɗaya. Wanda ya ga baƙon ɗigo kada ya yi saurin shela. Ya duba ko yana cikin hotuna da yawa a wuri ɗaya tsakanin taurari, don kada ya zama lalataccen ɗigon kyamara. Ya jira sa'a guda ya ga ko ya gusa, domin Zaki yana kan hanyar da duwatsun da ke kewaya Rana suke bi, kuma cibiyar Minor Planet Center tana da shafin tantance su. Idan ya tsallake waɗannan, ana kai rahoto ne a Transient Name Server na Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya.

Wanda ba shi da ko sisin sayen kaya ma yana da inda zai fara yau. Manhajar Stellarium tana nuna sama ta kowane gari a kowane lokaci. Tabaron hangen nesa na hannu, mai lamba 10x50, yana nuna M66 a matsayin ɗan dishi-dishi a dare mai duhu, ga mai haƙuri har da M65. Cibiyar nazarin taurari ta Harvard da Smithsonian tana da ƙananan na'urori masu suna MicroObservatory, waɗanda kowa zai iya umarta ta intanet su ɗaukar masa Andromeda ko M51, a aiko masa da hoton ta imel kyauta. Ɗanyun hotunan teleskop ɗin Hubble da na James Webb da ke sararin samaniya ma a buɗe suke ga kowa, kuma M66 yana cikin galaksi 19 da aka fitar da hotunansu na Webb a Janairu 2024. Judy Schmidt, wata mata a Kalifoniya da ba ta yi karatun ilimin taurari a jami'a ba, da irin waɗannan ɗanyun bayanai ta koyi aiki, har hukumar NASA ta fitar da hotunan Mushtari na Webb da ta sarrafa a Agusta 2022. Yarinyar da ba za a bari ta kwana a fili ba tana iya ƙwarewa a wannan rabin aikin daga ɗakinta, ta zama ita ce ƙungiya take kai wa hotuna.

Wanda ya gama da Zaki a watan Mayu, damina za ta ba shi hutun dole. Idan ruwa ya ɗauke a Oktoba, sama takan yi tas na 'yan makonni kafin ƙura ta sauko, kuma a lokacin burujin Doki Mai Fiffike yana sama da farkon dare. A can, rabin digiri daga babban galaksi NGC 7331, akwai galaksi biyar da ake kira Biyar ɗin Stephan, waɗanda Édouard Stephan ya gano daga Marseille a 1877. Duka biyar ɗin sun cushe a filin da bai wuce kashi ɗaya cikin takwas na faɗin wata ba, don haka suna buƙatar na'ura mai tsawon hange milimita 1,000 ko fiye, da mazaunin da ba ya kuskure. Huɗu daga cikinsu suna nisan shekarar haske miliyan 290 suna cakuɗa da juna. Na biyar ɗin, NGC 7320, miliyan 40 kawai yake, ya faɗo kan layi ne, kuma a hoton da aka daidaita launinsa da gaskiya yakan fi sauran shuɗi.